Bayan Rufe Flash: Ruffle, Lightspark, Gnash ko Flashpoint, Wanne Ya Dace da Kai?

Duk wanda ke da tsohon faifai ko wata jaka a kwamfuta mai ɗauke da fayilolin da sunansu ya ƙare da .swf ya san halin da ake ciki. Ka danna fayil, kwamfuta ta tambaye ka da me za ta buɗe shi, kai ma ba ka da amsa. Haka wanda ya cika shafinsa na intanet da darussa ko wasanni shekara goma sha biyar da suka wuce: yau baƙo ya shiga, sai ya tarar da fili fari fat a inda zane yake motsi a da. Kayan suna nan lafiyarsu ƙalau. Abin da ke kunna su ne ya tafi.

Flash Player, wato manhajar da ke kunna irin waɗannan fayiloli, mallakar kamfanin Adobe ne, wanda ya gaje shi lokacin da ya sayi Macromedia a 2005. A watan Yulin 2017 kamfanin ya sanar cewa zai janye hannunsa, ya kuma janye ranar 31 ga Disamba, 2020. Daga 12 ga Janairu, 2021 manhajar da kanta ta fara ƙin kunna komai, domin an riga an dasa wannan ranar a cikinta. A wannan watan ne Chrome 88 da Firefox 85 suka fito ba tare da gurbin Flash ba. Abin da ya fi taɓa mini zuciya a lamarin shi ne, wahalar dubban masu zane da malamai da masu ƙirƙirar wasanni ta rataya a kan shawarar kamfani ɗaya, saboda tushen manhajar a rufe yake, ba wanda zai iya ɗauka ya ci gaba da rainonta. Shi ya sa a wannan karon na taƙaita bincikena kan abin da zai maye gurbin Flash ga manhajojin da tushensu yake a buɗe, waɗanda kowa zai iya dubawa, ya gyara, ya raba.

Abubuwan da za mu auna da su

Na farko kuɗi. Kusan duk waɗanda zan ambata kyauta ne, don haka ainihin tsadar tana cikin lokacin da za su ci maka da kuma ƙwararren da wataƙila sai ka ɗauka. Na biyu ƙarko: shin akwai masu kula da manhajar har yanzu, kuma za ta yi aiki a burauzar da za a fitar baɗi? Na uku sauƙi, ga kai mai girkawa da kuma baƙon da zai shigo shafinka. Na huɗu haɗari. Kada a manta abin da ya kashe Flash: ɓarakar tsaro ce da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. A Yulin 2015, da aka yi wa kamfanin Hacking Team na Italiya kutse aka bankaɗo takardunsa, an ga wasu kafofi a jikin Flash da ake bi ana shiga kwamfutocin mutane, har Firefox ya toshe shi na ɗan lokaci.

Akwai ma'auni na biyar da ya fi duk waɗannan nauyi, wato ko manhajar za ta iya kunna naka fayil ɗin, ba na wani ba. Wannan kuwa ya dogara da irin fayil ɗin da ke hannunka.

Ka fara sanin abin da ke hannunka

Mutane da yawa suna kiran komai da sunan Flash, alhali iri biyu ne mabambanta. Idan fayil ɗin .flv ne, bidiyo ne kawai. Manhajar kallon bidiyo ta VLC za ta kunna shi nan take, manhajar sauya bidiyo ta FFmpeg kuma za ta mayar da shi MP4 ko WebM da layin umarni guda. Ba ka bukatar sauran bayanin nan.

Idan .swf ne, to ƙaramar manhaja ce a dunƙule: zane, sauti, da umarnin da aka rubuta da harshen ActionScript. Harshen nan zamani biyu gare shi. Akwai tsohon, wato na 1 da na 2, akwai kuma ActionScript 3 da ya zo da Flash Player 9 a 2006 da sabon inji gaba ɗaya. Duk mai son kwaikwayon Flash sai ya gina injuna biyun, a nan ne kuma aka bar yawancinsu a baya.

Gane zamanin fayil ba wuya. Idan ka buɗe shi da manhajar duba cikin fayil, haruffa uku na farko za su kasance FWS, ko CWS, ko ZWS, gwargwadon yadda aka matse shi, lambar da ke biye kuma ita ce sigar fayil ɗin. Daga 8 zuwa ƙasa tsohon harshe ne babu tantama. Daga 9 zuwa sama yana iya zama kowanne. Wanda ba ya son wannan wahalar ya sauke JPEXS, manhaja ce kyauta mai buɗaɗɗen tushe da ke warware fayil ɗin SWF ta nuna maka sigarsa, da hotuna da sautukan da ke ciki, har da umarnin da aka rubuta.

Ruffle

A nan zan fi daɗewa, domin shi ne amsar mafi yawan masu tambaya. Mike Welsh, wanda ya taɓa aiki da Newgrounds, wani shafin wasanni da zane-zanen Flash, shi ya faro shi, yanzu kuma masu sa kai da dama ne ke tafiyar da shi. An rubuta shi da harshen Rust, yana ƙarƙashin lasisin MIT da Apache 2.0, wato kana iya amfani da shi ko a harkar kasuwanci ba tare da biyan ko sisi ba.

Dabarar da ta bambanta shi da na baya ita ce, ba ya roƙon burauza ta ba shi wata ƙofa ta musamman. Ana juya shi zuwa WebAssembly, wato tsarin umarni da burauza ke iya gudanarwa da kanta, sai ya gudana a cikin shafi kamar kowane ɓangaren shafin. Wannan abu guda ya warware matsaloli uku. Baƙonka ba sai ya girka komai ba. Yana aiki a waya, inda ainihin Flash bai taɓa samun gindin zama ba, tun da Apple ya ƙi karɓarsa a iPhone. Sannan yana zaune a cikin shingen tsaron burauza, harshen Rust kuma an gina shi ne don kauce wa irin kurakuran ma'ajiyar kwamfuta da suka addabi Flash. Ba a cewa wata manhaja ba ta da aibi, amma tazarar da ke tsakaninsu ta fuskar haɗari mai faɗi ce.

Hanya uku ake amfani da shi. Mai shafi zai ɗora jakar Ruffle a kan sabarsa, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, ya ƙara layi ɗaya da ke kiran fayil ɗin ruffle.js, shi kuma ya bi shafin ya nemo duk gurbin da aka tanada wa Flash ya zauna a ciki. Mai yawo a intanet zai maƙala wa Chrome ko Firefox ɗan ƙarin Ruffle, ya riƙa ganin tsofaffin shafuka kamar da. Mai fayiloli a kwamfuta kuma akwai manhajar da zai sauke a Windows, macOS ko Linux. Kafin ma ka yi ɗaya daga cikin ukun, shafinsu na ruffle.rs yana da wurin gwaji inda za ka jawo fayil ɗinka ka saka. Gani ya kori ji, minti biyu sun ishe ka sanin inda ka dosa.

Ta fuskar ƙarko, alamun masu kyau ne. Tun Nuwamban 2020 ma'ajiyar Internet Archive ke kunna tarin kayan Flash ɗinta da shi, Newgrounds da shafin wasanni na Armor Games ma haka. Kusan kullum ana fitar da sabon gyara. Wannan yana da kyau, amma yana nufin mai shafi ya zaɓi wanda ya gwada ya ga ya yi masa, ya tsaya a kansa, ya kuma sake gwaji kafin ya sabunta.

Yanzu ga inda yake tuntuɓe. Tsohon ActionScript ya iya shi sosai. Na 3 ya samu ci gaba mai yawa a 'yan shekarun nan, amma manyan wasanni da manhajojin ofis masu sarƙaƙiya har yanzu wasu suna tsayawa a tsakiya, ko wani maɓalli ya ƙi amsawa. Abin da ke bukatar haɗi kai tsaye da wata saba, kamar wasan mutane da yawa, ba ya tafiya sai an gina masa gada, domin burauza ba ta yarda da irin wannan haɗin ba. Rubutun da mai zane bai cusa salon haruffansa a cikin fayil ba yana iya fitowa da wata kama, har layi ya tsallake iyakarsa. Akwai kuma kuskuren da ke yawan kama masu shafi: idan saba ba ta san yadda za ta gabatar da fayil mai ƙarewa da .wasm ba, Ruffle zai fito da saƙon kuskure maimakon zane. Gyaran layi ɗaya ne a saitin sabar.

Wani abu ya taɓa faruwa da ni wanda ya kamata in faɗa, don kada a ɗora wa manhaja laifin da ba nata ba. An ba ni wani darasin kimiyya mai nuna yadda zuciya ke harba jini. Na saka shi, ya buɗe tsaf: zuciya tana bugawa, jan jini da shuɗi suna zagayawa, sauti yana fita. Da na danna maɓallin zuwa babi na biyu sai allo ya yi duhu. Na yi ta sake gwadawa ina zargin Ruffle. Da na warware fayil ɗin da JPEXS sai na ga ashe yana kiran wani fayil ne dabam a wata ƙaramar jaka, wanda ya kwafo mini kuwa babban fayil ɗin kaɗai ya ɗauko. Da aka kawo jakar gaba ɗaya, darasin ya tafi har ƙarshe. Yawancin kayan Flash haka suke, uwa ce da 'ya'yanta. In za ka kwafa, ka kwashe su duka yadda ka same su, kada ka canza wa ko ɗaya suna.

Lightspark

Alessandro Pignotti ne ya faro shi, an rubuta shi da C++, lasisinsa LGPL na 3. Tun farko ActionScript 3 ya sa a gaba, daga baya aka ƙara masa tsohon harshen. Kyauta ne, yana aiki a Linux da Windows, kuma har yanzu ana fitar da sabuwar siga jefi-jefi, ko da yake masu aikin ba su da yawa.

Matsalarsa ba daga gare shi take ba. An gina shi ne don ya shiga burauza ta tsohuwar ƙofar da Flash ke bi, ita kuwa an toshe ta: Chrome ya rufe wannan ƙofar, da ake kira NPAPI, tun 2015, Firefox ya rufe ta ga kowa ban da Flash a 2017, sannan aka rufe sauran a 2021. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Don haka ba zai amfani baƙon shafinka da komai ba. Amfaninsa yau shi ne a matsayin manhaja mai zaman kanta a kan kwamfutarka. Idan Ruffle ya kasa wani fayil na sabon harshe, yana da kyau ka gwada wannan, domin ba lallai su yi tuntuɓe a wuri ɗaya ba. Sai dai ka tuna, yana gudana ne a wajen shingen burauza, don haka fayil ɗin da ka san asalinsa kawai za ka ba shi.

Gnash da waɗanda suka kwanta dama

Za ka ci karo da sunan Gnash a tsofaffin bayanai, suna yabonsa. A zamaninsa ya cancanci yabon. Aikin GNU ne, wato shirin samar da manhajoji masu buɗaɗɗen tushe, an fara shi a 2005, gidauniyar Free Software Foundation ta daɗe tana lissafa shi cikin ayyukan da ta fi ba muhimmanci. Amma sigarsa ta ƙarshe, 0.8.10, ta fito ne a 2012, kuma bai taɓa ƙwarewa a ActionScript 3 ba. Manhajar da ke karanta fayiloli daga intanet ta shekara fiye da goma ba sabuwar siga, haɗari ce. Swfdec ya tsaya tun wajen 2008. Shumway, wanda Mozilla ta fara a 2012 da niyyar kunna Flash da harshen burauza, wato JavaScript, an jingine shi a 2016. Kada ka ɓata lokacinka a kansu.

Flashpoint

Wannan ba kishiyar Ruffle ba ce, wata hanya ce dabam. Ma'ajiya ce da aka fara a 2018 don ceto wasanni da zane-zanen intanet kafin su ɓace, ta kuma tara fiye da dubu ɗari, har da na wasu fasahohi makamantan Flash kamar Shockwave da Java da Silverlight. Kashi biyu ce: Infinity, ƙarama, wadda ke sauko maka da wasa lokacin da ka nema, da Ultimate mai ɗauke da komai, wadda girmanta ya haura terabait guda.

Hikimarta ita ce tana kafa wata saba ta gida a cikin kwamfutarka, wadda ke sa wasa ya zaci yana kan shafinsa na asali. Wasanni da dama an kulle su ta yadda ba sa tashi sai a shafin mai su, wannan dabarar ce ke buɗe su. Amma gaskiya ɗaya ce: manhajar da ke tsara ma'ajiyar ce take da buɗaɗɗen tushe, mafi yawan kunnawar kuwa da ainihin tsohon Flash na Adobe ake yi. Shi ya sa abubuwa suke fitowa daidai yadda aka san su, shi ya sa kuma wanda aƙidarsa ita ce kada rufaffiyar manhaja ta hau kwamfutarsa ba zai gamsu ba. Haɗarin ya ragu saboda kayan da aka tantance ake kunnawa, ba abin da aka tsinta a hanya ba. Ta fi zama daram a Windows. Ba ta da wani amfani ga mai son gyara shafinsa.

Fita daga SWF gaba ɗaya

Duk hanyoyin da ke sama raino ne na tsohon abu. Hanyar da ta fi ƙarko ita ce a sauya masa gida. Zanen da kallo kawai ake yi, babu dannawa, a mayar da shi bidiyo; Swivel, wanda Newgrounds ya fitar kuma aka buɗe tushensa, don wannan aka yi shi. Abin da za ka rasa shi ne kaifin zane idan an faɗaɗa shi, fayil ɗin kuma zai yi nauyi fiye da da.

Wasa ko manhajar aiki sai an sake ginawa. OpenFL, wanda ke kan harshen Haxe, ya kwaikwayi tsarin Flash da gangan don ƙaura ta yi sauƙi. Apache Royale kuma na manhajojin ofis ne da aka yi da Flex, wato kayan gina manhaja a kan Flash. Nan ne kuɗi ke fita, domin sai da mai rubuta manhaja, kuma aikin ya fi sauƙi nesa ba kusa ba idan fayilolin asali na aikin suna hannu.

Mai son yin sabon zane kada ma ya waiwayi SWF. Ƙananan motsi SVG da CSS sun wadatar, kowace burauza ta san su. Mai ɗan nauyi kuma akwai Lottie, tsarin zane mai motsi da kamfanin Airbnb ya fitar a 2017, manhajar da ke kunna shi a shafi tana ƙarƙashin lasisin MIT. Yawanci da After Effects ake zana shi, wanda na kuɗi ne, amma Glaxnimate da Synfig suna fitar da shi kyauta.

A taƙaice

| Zaɓi | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Ruffle | Kyauta | Ana aiki a kansa kullum | Mai sauƙi ƙwarai | Kaɗan |
| Lightspark | Kyauta | Yana raye, a hankali | Matsakaici, a kwamfuta kawai | Matsakaici |
| Gnash | Kyauta | Ya tsaya tun 2012 | Wahalar girkawa | Mai yawa |
| Flashpoint | Kyauta, yana cin wuri | Yana raye | Mai sauƙi a Windows | Matsakaici |
| Mayarwa bidiyo | Kyauta, sai lokaci | Mai ɗorewa | Mai sauƙi | Kusan babu |
| Sake ginawa | Ladan ƙwararre | Mafi ɗorewa | Mai wuya | Kaɗan |

Gargaɗi ɗaya kafin in faɗi wa ya dace da wanne. Za ka ga shafuka suna tallan wai Flash Player da aka cire wa kulle, ko saƙo ya faɗo maka cewa sai ka sabunta Flash kafin ka kalli wani abu. Adobe ya daina raba shi, don haka duk mai miƙo maka shi ta wannan hanyar abin zargi ne, kuma tsohuwar dabara ce ta cusa wa mutane muguwar manhaja. Kada a yi gudun gara a faɗa gidan zago. Kamfanonin da dole sai da ainihin Flash suna sayen lasisi ne daga Harman, wanda Adobe ya miƙa wa wannan hidimar, shi ma kuma rufaffe ne.

Wa ya dace da wanne

Idan kai mai shafi ne da tsofaffin darussa ko wasanni, ka ɗora Ruffle a sabarka, ka bi fayilolin ɗaya bayan ɗaya har ƙarshensu, ba shafin farko kawai ba. Wanda ya ƙi, ka ajiye shi gefe ka sake gwada shi bayan 'yan watanni, domin abin da ya gagara bana yakan yiwu baɗi. In kana da hali, ka kai rahoton matsalar a ma'ajiyar aikin da ke GitHub, da irin wannan rahoton ake gyarawa.

Idan marmarin wasannin ƙuruciya ne ya taso maka, ka fara duba Internet Archive a burauzarka. In ba ka samu ba, ko bai tafi daidai ba, sai Flashpoint Infinity.

Malami ko mai kula da ɗakin karatu da ke da zane na kallo zalla, bidiyo ya fi masa kwanciyar hankali, don zai buɗe a kowace na'ura ba tare da dogaro da kowa ba. Wanda ke da 'yan fayiloli masu taurin kai na ActionScript 3 a kwamfutarsa ya gwada Ruffle, sannan Lightspark. Ma'aikatar da aikinta na yau da kullum ya rataya a kan manhajar Flex kuwa, kwaikwayo ba zai fisshe ta ba. Ta ware kuɗi ta sake gini, ta riƙe Ruffle a matsayin gada in ya ɗauki nauyin.

Kowanne ka zaɓa, kada ka goge fayilolin .swf na asali bayan ka mayar da su wani abu. Ka adana su a wuri biyu, tare da ƙananan jakunkunan da ke biye da su, da fayilolin .fla, wato na asalin aikin, idan suna nan, ka kuma rubuta adireshin shafin da suka fito a wata 'yar takarda cikin jakar, domin fayil ɗin da aka kulle da sunan shafinsa sai da wannan adireshin zai yarda ya buɗe.